Kai Goggo Kano da ciwon muƙamuƙi

Ana idar da sallar asuba muka bar Gwiwa, ni da ƙanwata da Goggo, yayar mahaifinmu. Shekara uku ke nan bakin Goggo ba ya buɗuwa, ko yatsa ɗaya ba ya shiga. Tuwo ta bar shi, sai koko da kunu. Kano muka nufa, wurin wani likita da aka ce yana gyara mahaɗar muƙamuƙi ba tare da ya tsaga fuska ba.

Hanyar Roni ba laifi, gero ya fara kai, gyaɗa ta yi kore shar. Motar ce dai sai a hankali: mu huɗu a baya, buhun barkono a ƙafata, ana ta atishawa kamar an haɗa baki. Kuɗin mota ya ninka na bara, direban kuma ko kunya bai ji ba wajen faɗa. A tashar Kazaure muka sayi ƙosai mai zafi. Na kai ɗaya baki, sai na ga Goggo tana zuƙar kokonta ta gurbin haƙorin da ya faɗi. Na mayar da ƙosan cikin leda.

Ga laifina. Lokacin da ciwon ya fara, muƙamuƙin ƙara kawai yake yi yana maƙalewa. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce mu tafi Kano. Ni da ake kira ɗan boko, wanda ba a tsallake maganarsa a gida, na ce ba mai yanka fuskar Goggo. Na ɗauke ta ranar kasuwa zuwa Babura, wurin wani wanzami da ake yabo. Ya ɗora ƙarfe a wuta, ya yi mata sakiya a gaban kunne. Wurin ya yi ruwa wata biyu, daga nan bakin ya ƙara ƙanƙancewa.

Hantsi ya dubi ludayi muka shiga Kano. Likitan mutum ne mai haƙuri. Ya sa na ɗora yatsa a gaban kunnena na buɗe baki, na ji ƙashi yana motsi. Ya ce nan kan muƙamuƙi yake zaune cikin wani ɗan gurbi, da guringuntsi a tsakani, shi ne yake zamewa baki ya maƙale. Huda biyu suke yi: ɗaya ta kyamara, ɗaya ta wanke wurin da saki abin da ya manne. Sai sun auna daga kunne zuwa gefen ido sun yi alama, don jijiyar da ke motsa fuska nan kusa take bi. Ya nuna mana abin aikin. Bai kai kaurin tsinken tsire ba. Ƙarfen wanzami ya ninka shi.

Da hoton ƙashi ya fito, ya daɗe yana kallo.

"Inna, ciwon sakiyar ya shiga ciki, ƙashin ya haɗe. Babu inda kyamara za ta bi. Da a farkonsa ne, da kwana ɗaya kin koma gida."

Ya ce saura babban aiki, a tsaga a yanke ƙashi, ga shekaru, ga hawan jini. Goggo ta girgiza kai, ta ɗauki mayafinta.

A dawowa ban ga gero ba, ban ga duwatsun Kazaure ba. Kunya ce ta cika min ciki. Na koyi cewa gudun abin da ban sani ba ya fi abin kansa illa, kuma tambaya ɗaya da na ƙi yi tun farko, ko dole sai an yanka fuskar, ita ta jawo wannan.

La'asar sakaliya muka isa Gwiwa, tsakar gida cike da dangi. Kawu ya tambaye ni, "Yaya dai, me likita ya ce?"

Na buɗe baki zan faɗi gaskiya, Goggo ta riga ni, ta cikin haƙora.

"Ya ce tsufa ne, ba laifin kowa. Ɗan nan ya yi ƙoƙari, ku sa masa albarka."

Suka yi ta sa min, ni kuwa ina tsaye na kasa cewa amin.