Na Ce Masa Na Karanta

Shekara shida ke nan da rasuwar Laminu. Ba na buƙatar kalanda kafin in ƙirga, domin ya rasu ne a shekarar da guguwar dusar ƙanƙara ta sauko cikin azumi ta rufe Greensboro, har motoci suka daina bin babban titin Wendover, muka yi kwana biyu muna buɗa-baki da abin da ya rage a ɗaki. Duk wanda yake garin nan a lokacin ya tuna. Hausawanmu ba su da yawa a wancan zamani, kuma kowa ya san Laminu ɗan Katsina, dogo, mai dariyar da ake ji tun daga bakin titi. Abin da ba a sani ba shi ne hannun da nake da shi a yadda ƙarshensa ya kasance.

Ni mutumin Maradi ne, sunana Ilu. Ban taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Tun ina saurayi lodin manyan motoci nake yi, da na zo Amurka ma lodin na ci gaba da yi a wani babban sito da ke Wendover. Kwalaye nake ganewa da launinsu da lambobin jikinsu. Amma na gaya wa kowa cewa na yi karatu a gida, Faransanci ne kawai ya sa Turanci ke ba ni wuya. Kullum da biro a aljihun gaban rigata. In aka miƙo mini takarda sai in ce na manta tabarau.

Shekara biyu muna ɗaki ɗaya da Laminu a gabashin gari. Karatu ya kawo shi, karatun ya tsaya, takardunsa na zama suka ƙare. Na Maradi yake kirana, ya ce mu ne muka gudu muka bar musu Katsina tun zamanin kakanni, don haka ni ne mai wanke tukunya. Duk takardar da ta zo mini daga wurin aiki sai ya karɓe ta kafin in yi magana, ya ce, "Kawo nan, kada ka rubuta musu Faransanci su kore ka." Ina jin daɗi a raina cewa dabarata ta ci.

Da sanyin shekarar ya gabato, wani da suka yi aji ɗaya ya samo masa aiki a arewa, a wani dutse kusa da birnin Syracuse, inda mutane ke zuwa wasan zamiya a kan ƙanƙara. Ranar da ya faɗa mana a shagon Alhaji Sabo, inda muke taruwa ran Lahadi, sai da aka riƙe ciki. Alhaji ya ce, "Laminu, kai da ruwan firji ke sa ka atishawa? Wace gawar za mu je ɗaukowa?" Shi ma ya yi dariya, ya ce, "Alhaji, ai in na daskare ba zan lalace ba, sai ku zo a hankali." Har yau Alhaji ba ya son a tuna masa wannan wasan.

Bayan tafiyarsa wasiƙu suka fara zuwa, kusan duk mako biyu. Ta farkon kawai na buɗe. Na ga rubutu shafi biyu, na ninke na mayar. Sauran ko buɗewa ban yi ba, sai in sa su a ƙasan akwatina. Babu tarho a ɗakinmu, shi ma babu a masaukin ma'aikata, don haka ran Lahadi yakan buga shagon Alhaji daga tarhon kan titi. Ya ce, "Ka ga wasiƙata?" In ce, "Na gani, kai dai ba ka rabuwa da abin dariya." Sai ya ci gaba da labari, ni kuma in tsinci abin da zan tsinta.

Yanzu na san abin da ke cikinsu. Rabin kowace wasiƙa labarin ƙanƙara ne, kuma yana ba da shi kamar yadda manomi ke ba da labarin damina. Ya ce masu dutsen nan kullum idonsu na sama, in gajimare ya wuce bai zubar ba sai ka ga fuskokinsu sun ɓaci. In sama ta ƙi, suna da injuna masu fesa ruwa cikin sanyi ya sauko ƙanƙara, shi kuma ya sa wa wannan suna noman rani. Ya ce ƙanƙarar ma iri-iri ce. Akwai sabuwa mai laushi kamar garin da aka tankaɗe, ita ce masu wasan ke barin aikinsu su taho dominta. Akwai wadda rana ta narkar sanyi ya sake daskarar da ita, ta zama kamar bayan faranti, ita ke karya ƙafa. Akwai ta ƙarshen sanyi mai ruwa-ruwa, wadda ya ce ba ta da maraba da kunun da ya kwana. Aikinsa da safe ya bi wani dattijo su auna zurfinta da sanda, a sanar da mutanen birni. Sauran yinin kuma ya tsaya a gindin dutse yana tare kujerun da ke rataye a waya, mutane su zauna a hau da su.

Har shi ma ya koya. Ya ce an ɗaura masa dogayen katako biyu a ƙafa, ƙafar dama ta nufi Kano ta hagu ta nufi Sakkwato, shi kuma ya zauna a tsakiya. Ya ba ni labarin wasu samari da ke zuwa da faffaɗan allo guda, su ɗaure ƙafa biyu a kai su sauko a karkace kamar ƙaguwa. Masu katako biyu ba sa ƙaunarsu, suna cewa suna kankare musu hanya. Ya rubuta, "Ilu, ko a kan ƙanƙara akwai tsofaffi masu cewa yaran zamani sun lalace."

Kiransa na ƙarshe ya zo a farkon azumi. Alhaji na auna wa wata mata shinkafa, mutum uku na zaune kusa da tarhon.

"Na Maradi, ka ga ta ƙarshen?"

"Na gani."

"Ka karanta?"

"Na karanta mana, tun ranar da ta zo."

Ya yi tari mai tsawo, sannan ya ce, "To me ka ce?"

Na dubi mutanen da ke zaune. Na ce, "In sha Allahu."

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Na san ba za ka ba ni kunya ba. To ina nan."

Na tambaye shi tarin, ya ce sanyi ne kawai, sai layin ya yanke. Ba zan ce ban ji komai a jikina ba. Sau biyu a wannan makon na sa wasiƙar a aljihu na tafi shagon Alhaji da niyyar in ce ya duba mini. Sau biyun na sayi sukari na dawo da ita. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ranar tawa ta zo, na ɓoye.

Bayan kwana takwas guguwar ta sauko. Lahadi ta zo bai kira ba, muka ce wayoyi ne suka tsinke. Da hanya ta buɗe sai ga wani ambulan mai tambari daga can arewa, da sunana a kai. Sunana kam ina gane shi. Na sa shi tare da sauran. Aka yi Salla, shiru. Sai da sanyi ya ƙare ana rufe dutsen, dattijon nan da suke auna ƙanƙara tare ya ga lambar shagon a cikin kayansa ya bugo. Ya ce Laminu ya faɗi a masauki, an kai shi asibiti huhunsa ya riga ya cika, ya cika bayan kwana biyu. Sunana Laminu ya bayar a matsayin ɗan'uwansa. Hukuma ta aiko takarda, ta jira, ba wanda ya amsa, ta binne shi.

Alhaji ya ajiye tarhon ya juyo gare ni. Ya ce, "Malam Ilu, ba ka ga wata takarda ba?" Na ce ban gani ba, ƙila ƙanƙara ce ta hana ta isowa. Kowa ya gyaɗa kai. Aka yi masa salla daga nan, aka yi addu'a, mutane suna riƙe hannuna suna ba ni haƙuri, suna cewa ni na fi kowa rashi. Shekara shida ina ɗora wa ƙanƙara laifina.

Shekara biyu na yi ban taɓa akwatin ba. Daga baya na ji labarin ajin koyon karatu na manya da wata tsohuwar malama ke yi da yamma a bayan wani coci. Na zaɓe shi ne don na san babu Bahaushen da zai gan ni a can. Ranar farko ta tambaye ni iya inda na kai, na buɗe baki zan kawo zancen Faransanci, sai na ji na gaji. Na ce mata ban san ko harafi ɗaya ba. Ba ta ko ɗaga gira ba, ta jawo kujera. Abin da na ɓoye tun ina saurayi, faɗarsa bai kai shan ruwa daɗewa ba. Gemu ba ya hana ilimi, gaskiya ne, amma yana sa ya shiga a hankali. Sai da na shekara uku kafin in iya haɗa Hausa da haruffan da ta koya mini da Turanci.

Na fara da wasiƙar farko, yatsana a ƙarƙashin kowace kalma. Layin farko ya ce: "Gaisuwa ga Ilu, da kuma bawan Allahn da ke karanta masa. Ka rufa masa asiri kamar yadda na rufa." Haka kowace ta fara. Ashe tun muna ɗaki ɗaya ya sani. Da yake ina cewa na karanta, sai ya ɗauka na sami wani amintacce a ɓoye, ya kuma ƙi tambayata don kada ya tozarta ni.

Ta ƙarshen gajera ce. Ya ce mako biyu yana zazzaɓi, ya fara ganin jini a kakinsa, ba ya iya tsayuwa a bakin kujerun. Yana tsoron zuwa asibiti shi kaɗai saboda takardunsa. Ya ce in roƙi Alhaji motar kaya mu zo mu maido shi cikin mutane, idan kuma ta Allah ta kasance, kada in bari a sa shi a ƙasa ba wanka. A bayan takardar ya zana mota, ya zana hanya da lambobin manyan tituna, a ƙarshenta ya zana mutum kwance a gado. Wannan ɓangaren ba don mai karanta mini ya yi shi ba. Lambobi na san su, zane kuwa ko jariri ya gane. Yage ambulan kawai ya rage mini.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Samarin nan masu allo guda da ake raina wa, bara na gan su a talabijin ana rataya musu lambar yabo, na san da ya yi ta tafi yana cewa shi ya fara ganinsu. Mutanenmu sun yi yawa a garin nan, har wasu sun sayi gidaje a yankin Pleasant Garden, in an yi rasuwa sahu yakan kai uku ko huɗu. Wannan zai faranta masa rai. Ni kuwa, da ya gan ni da littafi, na san tsokana zai fara, ya ce ashe Faransancin ya warke. Ko zai yafe mini, ban sani ba. Ya iya yafiya, amma ba ni da hurumin in yafe wa kaina da bakinsa.

Abin da ya rage nasa a hannuna wasiƙu ne, da idon da ya bar mini. In dusar ƙanƙara ta ɗan zuba a nan, nakan tsaya in duba ko ta gari ce ko ta faranti. Kuma duk baƙon da ya iso daga gida, in na ga yana juya takarda yana laluben aljihu, nakan gaya masa tun a ranar cewa ni ma sai da na yi furfura na koyi karatu. Wasu su yi dariya, wasu su miƙo takardar. Alhaji Sabo bai san komai cikin wannan ba. A rubutun nan zai gani, kuma ran Lahadi zan je shagon in zauna inda na saba.

Zumunta a ƙafa take, tafiyar kuma ta yini ɗaya ce. Kwana takwas hanya tana buɗe ban bi ta ba. Fiye da wata guda yana kwance a ɗakin ajiye gawa ana jiran mutum ɗaya. Laminu ya rasa wanka, ya rasa likkafani, ya rasa wanda zai juya fuskarsa alƙibla. Mahaifiyarsa ta rasa ɗanta na fari, ta kuma rasu ba ta san inda kabarinsa yake ba. Shekararsa talatin da huɗu.