Agwagin da suka kawo muryar auta

A ƙarshen shekarun casa'in na haukace a kan wani baƙin akwati da ko maɓalli ba shi da shi. Rediyo ne, amma sai an jona shi da kwamfuta yake buɗe baki. Wani abokina ɗan gwanjo ya taho mini da su daga Kwatano. Ni kuwa, malamin lakwal, wato makarantar boko, a Madarunfa, na ɗaura wayar eriya daga saman ɗakina har kan gawon maƙwabta, na zauna ina kamo duniya. Ga matuƙan jirage masu shirin sauka Kano, ga wasu harsunan da ko zagina ake yi ba zan sani ba. Ina ji ina ƙyalƙyala dariya ni kaɗai, har abinci ya huce.

Inna, mahaifiyata, ta tsani abin. Wayar dai ta yi mata rana, don a kanta take shanya zannuwa. Hankalinta yana wurin ƙanena, autanta, wanda ya bi kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Dirku can cikin sahara tun kafin damina. Har aka yi girbi ba shi ba labarinsa. Tuwo ma sai an yi da gaske take kai loma.

Wani direba a tasha ya tsegunta mini cewa masu motocin sahara suna magana da ofisoshinsu na Agadas ta rediyo kowace safiya. Ai kamar ya sosa mini inda ke ƙaiƙayi. Na yi ta lalube har na faɗa kansu wata Alhamis da hantsi, sai dai muryoyin sun fito kamar agwagi suna faɗa. Irin wannan magana sai an matsa lambobin tashar a kan kwamfuta a hankali take gyaruwa.

"Kashe aljannun ga, Mushe!" Inna ta ɗaga murya daga tsakar gida. Haka 'yan lakwal ke kiran malami da Faransanci, ita ma haka take kirana in tana son yi mini ba'a.

Na matsa kaɗan. Agwagi suka zama mutane, suna Hausa tiryan-tiryan, ana cigiyar taya da gazuwal, man manyan motoci. Can sai wani ya roƙi a ba shi abin magana, ya fara da wata dariya mai ƙugi kamar tsohuwar ƙofar langa-langa. Duk gidanmu mutum ɗaya ke wannan dariyar.

"In akwai mai tahiya Maraɗi, shi ce ma mutanen Madarunfa lahiyata lau. Mota ce ta lalace muna. A aje mini kihin tabki!"

Na daka tsalle har na yi ƙwallo da buta. Murna ta hana ni magana, sai "Inna! Inna!" kawai nake yi. Ashe ta riga ta shigo, ko takalmi babu. Ta durƙusa gaban akwatin, ta kai bakinta dab da shi.

"Ja'iri! Kana cin abinci kuwa? Ka ji ni?"

Ofis ya ci gaba da zancen taya. Na ce, "Inna, ba shi jin ki. Wanga abu saurare kaɗai yake yi."

Ta share ido da bakin zane, tana dariya.

"To mi? Ni dai na ji shi."

Ta fita ta kwashe shanyarta daga kan waya, ta ce duk wanda ya sake rataya ko tsumma a kai zai gamu da ita. Sannan ta ce a ɗumamo mata tuwon jiya, a sa man shanu da yawa.