Gayyar da Ta Cinye Murtsunguwar Baba

Mahaifina yana da 'yar gona a hanyar Dagumawa, gefenta na yamma duk murtsunguwa ce, irin mai faffaɗan ganye kamar tafin hannu. Wani Buzu abokin cinikinsa a karar shanu ta Wudil ne ya kawo masa ita a buhu, shekarar da aka ce Baba yana da ciwon suga. Ya ce a garinsu masu wannan ciwo suna cin ta. Baba ya shanya ganyen a inuwa har bakin yankan ya bushe, ya binne rabin kowanne a ƙasa, ko ruwa bai ba su ba. Mutane suka yi ta yi masa tsiya, wai kowa ƙaya yake cirewa a gonarsa, shi kuma shuka ta yake yi.

Ta ɗauki shekaru kafin ta fara 'ya'ya. Da sassafe yake zuwa, kafin iska ta tashi, domin 'ya'yan suna da wasu ƙananan ƙayoyi kamar ƙaiƙayi, idan suka shiga hannunka ranar sai ka tsani kanka. Ya tsinko su da kara, ya mirgina a rairayi, ya goge da tsintsiya, sannan ya fere. Cikinsu ja kamar zoɓo, ga sanyi, zaƙin bai cika baki ba. Sabon ganyen kuwa kankare ƙayar yake yi da wuƙa, Inna ta yanyanka ta sa masa a miya, yana yauƙi kamar kuɓewa. Ya ce tun da ya fara ci ƙishirwa ta ragu, cikinsa ya daina ɗaurewa. Maganin asibiti bai fasa sha ba. Amma likita ya hana shi rake, ya hana shi alewa, shayi ma lami yake sha, wannan ce kaɗai abin marmarin da ya rage masa, kuma da hannunsa ya shuka ta.

Wata bazara ciwo ya fito masa a ƙafa ya ƙi warkewa. Lokacin sharar gona ya zo, ni kuma ina shago a kasuwa. Sai Baffa, ƙaninsa, ya zo ya ce zai kira masa gayya. Ranar ina gida, ina zaune a zaure, da kunnena na ji Baba ya ce, "To, Allah ya bar zumunci. Amma don Allah gefen ƙayar nan ku bar shi, kada kowa ya taɓa."

Baffa ya ce, "Haba Yaya, kai dai ka kwanta ka huta."

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne yadda Baffa ya ɗauki maganar. A wurinmu idan za a yi wa mutum aiki ya ce a bar wani wuri, yawanci kara ce, ba ya son ya wahalar da jama'a. Mai zumunci kuma sai ya fara da wurin, don ya nuna ba ganin ido yake yi ba. Baffa bai taɓa yarda ɗan Adam mai hankali zai so ƙaya a gonarsa ba.

Ranar gayyar da hantsi na goya Baba a babur, da jarkar kunun da Inna ta dama wa masu aiki. Tun daga nesa muka hango hayaƙi fari mai kauri. Da muka isa, gefen yamma fayau, kana hango gonar maƙwabci har ƙarshenta. Sun sare ta, sun tone saiwar, sun tara, da ta ƙi cin wuta suka jibga mata karan dawa. Samari suna zaune suna cire wa juna ƙaya, hannuwa duk sun kumbura, suna dariya.

Baffa ya taho yana share gumi. "Yaya, ka ga wurin da ka ce a bari? Da shi muka fara. Wallahi yaran nan sun sha wuya."

Na yunƙura na nufi Baffa. Na buɗe baki, Baba ya damƙe hannuna da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Ba a kushe gayya. Mutum ya bar aikinsa ya zo naka kyauta, ko gidanka ya rushe godiya za ka yi. Baba ya dogara sandarsa ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana cewa sannunku da aiki, Allah ya yi albarka. Ni kuma na zuba musu kunu.

Da suka watse ya zauna a bakin tokar yana tonawa da sanda. Ya sami 'yan ganye da wuta ba ta dafa ba, na kwaso masa, muka sake binnewa. Sun kama. Amma ya daina tambayar gonar, miya ma sai Inna ta yi ta lallashi. Ya rasu kafin su yi fure.

Ba zan ce murtsunguwa ce ta riƙe ransa ba, rai na Allah ne, kuma ciwon ƙafar ya riga ya ci ƙarfinsa. Abin da yake ci mini rai shi ne ya faɗi abin da yake so da bakinsa, a fili, aka ɗauka kunya ce, kuma har ya koma ga Allah bai sami damar cewa an yi masa ɓarna ba.

Ranar sadakar uku ina zaune kusa da Baffa muna karɓar gaisuwa. Yana kuka, kuka na gaskiya, yana gaya wa mutane cewa abin da yake sanyaya masa zuciya shi ne ya raba ɗan'uwansa da ƙayar nan kafin ya tafi. Sai ya juyo ya dube ni, jama'a ma suka dube ni, ana jira.

Na ce, "Haka ne, Baffa. Allah ya saka da alheri."