Hoton da Na Rantse Na Goge

Ban taɓa ganin mutanen da kyamara ke ɓata wa fuska irin mutanenmu ba. Mutum yana cikin aikinsa, yana dariyarsa, da ka ɗaga kyamara sai ya miƙe ƙiƙam, ya haɗe rai, ya sauke hannuwa kamar an kira shi gaban alƙali.

Na daɗe ina aiki a wani shagon hoto a Dutsin-Ma. Fasfo na ɗalibai, amare da ƙawayensu, taron suna. Ni ce macen da ake turawa cikin gida inda maza ba sa shiga. Abinci yana fitowa, alhamdulillahi, amma ba don wannan na sayi kyamara ba. So nake in ɗauki mutane yadda suke ranar da babu biki babu salla. Na taɓa zuwa madatsar ruwan Zobe da sassafe don masunta. Suna ganina suka ajiye koma, suka jeru, ɗaya har ya ari hula ya ɗaga kifin da ya fi girma. Na dawo da hotuna masu kyau waɗanda ba su da amfanin komai, raina a ɓace.

Wadda ta fi ba ni ciwon kai ita ce Gwaggo, yayar mahaifina, da ke zaune a Tamawa ta Kurfi. Daddawa take yi tun kafin a haife ni. Hannuwanta nake so. Idan ta zauna bayan an kirɓa kalwa, ta gutsura, ta mulmula, ta latse a tafin hannu ta jera a kan tabarma, ko kallon abin ba ta yi, hira take. Duk zuwan da zan yi da kyamara maganarta ɗaya ce.

"Tsaya ɗiyata, in watsa ruwa."

Sai ta shige ɗaki. Ta fito da atamfar da ke ƙasan akwati, da mayafi, da kwalli, ta sa a kawo kujerar roba, ta zauna ta ɗora hannuwan nan a cinya ta rufe su da gefen mayafi. Abin da na hawo mota na zo dominsa, shi take fara ɓoyewa. Ina da irin wannan hoton nata ya fi goma, kuma ko ɗaya ba ita ba ce.

Na yi lallashi, na yi bayani. Na ce, "Gwaggo, aikin nan naki tarihi ne." Ta ce, "Tarihin mi? Warin daddawa?"

Wata rana da hantsi haƙurina ya ƙare. Na zauna a bakin turmi kamar ina goge kyamara, tana tsakiyar aiki, zane ɗaure a ƙirji, tsohon kallabi ya zame, rana ta sauka daidai kan hannuwanta. Na danna sau uku. Ƙarar ce ta tona ni.

"Mi kika yi?"

Na nuna mata, ina murna, don na san ban taɓa ɗaukar abu mai kyau haka ba. Ta daɗe tana kallo. Da ta ɗago, ba faɗa ta yi ba, kuma da faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Haka kike so mutanen birni su gan ni? Tsohuwa ba riga, hannu duk ƙazanta? Mi na yi miki?"

Na ce ba haka ba ne. Ta ce in goge a gabanta. Na goge biyu tana kallo.

"Ya tafi duka? Rantse."

Na ce, "Wallahi na goge."

Na ukun yana nan. Na san yana nan lokacin da nake rantsuwar. A mota ina komawa Dutsin-Ma haushi biyu ke cina: haushinta da ta kasa ganin abin da na gani, da haushin kaina da na kira sunan Allah a kan ƙarya saboda hoto. Na juye shi a kwamfuta, ban nuna wa kowa ba. Sau biyu ana neman hotunan rayuwar karkara don baje koli, sau biyu ina buɗe shi in rufe, in aika da na masunta masu aron hula. Ba a ɗauka ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Bayan damina biyu ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Gwaggo. Ta tashi, baki ya dawo, amma hannun dama bai dawo ba. Tukwanen kalwa aka kife su a bayan rumbu. Da na je dubiya na same ta a kan tabarma, ta ɗauko hannun da na hagu ta ajiye a cinya kamar kayan wani. Muka gaisa, na yi mata ya jiki. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Kin san har na fara manta yadda yake yi? Da ban sa kin goge abin nan ba, da na gani."

Tuni na tura hoton cikin wayata, ga ta a jakar da ke gefena. In na yi shiru, na ci gaba da zama ɗiyar kirki mai cika rantsuwa. In na fito da shi, ta san abin da na yi. Na yi ta juya zancen har aka kira la'asar. Da muka idar na ciro wayar na buɗe hoton na miƙa mata.

Ta kalla. Ta kalle ni.

"Ashe ƙarya kika yi mini. Da sunan Allah."

"E, Gwaggo. Ki yafe mini."

"Wannan tsakaninki da Shi ne." Ta mayar da ido kan wayar. "Ƙaro mini girman hannun."

Na ja hoton da yatsu biyu har hannuwan suka cika fuskar wayar, daddawa a tsakanin tafuka, jijiyoyi a tashe. Ta kai yatsan hagu ta shafa gilashin. Ta yi kuka, ni ma na yi.

Da zan tafi, zuciyata ta raya mini cewa yanzu kam ta gane, yanzu za ta bar ni in nuna wa duniya. Na buɗe baki ke nan ta riga ni.

"Ki riƙa zuwa da shi in kin zo. Amma ko ubanki kada ya gani. Ba zan ce ki rantse ba, na ga yadda rantsuwarki take."

Har yau maganar nan tana yi mini zafi. Hoto mafi kyau da na taɓa ɗauka yana da mai kallo ɗaya tal, a Tamawa. Duk Juma'ar ƙarshen wata nake shiga mota in kai mata, kuma ban nuna wa kowa ba.