Dalmar da Ke Yatsuna

Lokacin da nake ɗan shekara ashirin da bakwai, ina karatun digiri na biyu a fannin injiniya a Landan, na yi imani cewa haɗarin bindiga duk a bakinta yake, kuma mutumin da ya yi ilimi, yake bin ƙa'ida, ba zai cutar da kowa da ita ba. Zamanin kuɗin mai ne, gwamnati na tura mu karatu tare da iyalanmu. Muna zaune a wani ƙaramin flat a Edmonton, ni da maiɗakina da 'yarmu ta fari mai shekara biyu. Wani Bature abokin karatuna ya kai ni kulob ɗin masu harbin allo da ƙaramar bindiga, na samu lasisi, kowace Asabar ina can. Kamar yawancin 'yan kulob, ba na sayen haɗaɗɗen harsashi. Nakan tara kwanson da na harba, in sake zuba masa albarushi, in ɗora sabon kai.

Da farko kawunan da nake ɗorawa masu rufin jan ƙarfe ne, sumul, ba sa barin komai a hannu. Sai wani dattijo a kulob ya ce mini ba zan san daɗin abin ba sai na koma zallar dalma, wadda zan narkar in zuba a mazubi da kaina. Kakana maƙeri ne, maganar ta shige ni. Na karanta duk abin da ya kamata: na rage albarushi, na koyi shafa kaki a tsagin harsashi, na riƙa kankare dattin da dalma ke bari a cikin bindiga. Albarushin yana cikin akwati a kulle, bindigar tana wani akwatin. Narkawar kuwa a kicin nake yi, a wata tsohuwar tukunya, tagar a rufe saboda sanyi. Maiɗakina takan yi mini tsiya cewa an turo ni Ingila neman digiri, ga shi zan koma gida da sana'ar kakana, ta kuma roƙe ni in daina baƙanta mata tawul. Nakan ce mata ai gado ne, ta yi haƙuri da jikan maƙera.

Akwai abin da na samu a Landan wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba. A gida, kunyar 'yar fari ba za ta bar ni in ɗauki yarinyar a gaban mutane ba, balle in kira sunanta. A can kuwa babu idon iyaye. Nakan zaunar da ita a cinyata mu ci tuwon semolina a kwano ɗaya, in gutsuro loma ƙarama, in hura, in sa mata a baki. In uwarta ta miƙo cokali sai ta kawar da kai, ta ce na Baba take so. Kafin cin abinci nakan ɗauraye hannu da ruwa kamar yadda aka koya mana tun muna yara, ruwa kawai. Baƙin da ke maƙale a ƙarƙashin farcena na ɗauke shi shaidar aiki, har ina alfahari da shi.

Bayan wasu watanni ta fara ƙin abinci, tana riƙe ciki, tana kuka ba dalili. Kalmomin da ta iya suka riƙa raguwa. Muka ce haƙora ne, muka ce rashin rana ne. Wata Lahadi wani likita ɗan ƙasarmu, wanda ya girme ni, yake ƙarin horo a wani asibiti wajen Marylebone, ya zo cin abincin rana. Ya zuba mini ido ina lallashinta da loma. Sai ya ajiye nasa, ya kama hannuna ya juya, ya tambaye ni me nake taɓawa haka. Na soma yi masa bayani da zumuɗi. Ya katse ni a hankali, ya kira ni ƙanensa, ya ce in sauke yarinyar, gobe da safe mu kawo ta a ɗebi jininta, nawa ma a ɗeba. Sakamakon ya nuna dalma a jininmu duka, nata ya fi tsanani. Ta yi makonni a asibiti. Maiɗakina ba ta ɗaga mini murya ba ko sau ɗaya. Ranar da aka sallame su ta ce ba ta zarge ni ba, ta san ban yi da gangan ba, amma za ta mayar da yarinyar wurin Inna, mahaifiyata, a Zariya. Na amince. Na mayar da lasisin, na miƙa bindigar.

Yau shekarata hamsin, kuma har yanzu ina tambayar kaina. 'Yata ta rayu, alhamdu lillahi, ta yi aure, tana da natsuwa da kirki. Amma karatu ya yi mata wuya tun daga firamare, ƙannenta duk suka wuce ta. Likitoci sun ce ba mai iya tabbatar da dalili. Wannan rashin tabbas ɗin shi ne ya fi mini nauyi, domin ban san wace irin 'ya zan samu ba da na sa sabulu da burushi, da na fitar da tukunyar nan waje. Ina kira ga duk mai taɓa dalma, ko mai gyaran batir ne ko mai lodin harsashi, kada ya narkar da ita inda ake girki, kada ya amince da ɗauraya, kada kuma ya ɗauka takardar shaidarsa ta gaya masa duk inda haɗari yake. Ni na tsare wurin da littafi ya nuna mini, na bar wanda yake jikina.

Na gama karatu bayan shekara biyu na koma gida. Inna ce ta riƙe 'yar tawa har ta girma. Ranar da na isa aka turo ta, ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe ni, na amsa ba tare da na kira sunanta ba. Ba mu ƙara cin abinci a kwano ɗaya ba.