Gefen da Zarami Ya Nuna

Duk Yindiski babu wanda ya kai Zarami iya noman shinkafa, babu kuma wanda ya kai shi tsoron kambun baka. Cikin buhunan siminti yake shigo da shansherar shinkafarsa gida, don kada maƙwabta su ƙirga masa. In ka tambaye shi yabanya, sai ya ɓata rai kamar an yi masa rasuwa, ya ce, "To, ba a rasa na kunu ba." Mu da muka san shi dariya kawai muke yi.

Filin da yake nomawa, a fadamar hanyar Nangere, ba nasa ba ne, na ƙungiyar manoma ne. Wata kaka ƙungiyar ta kawo masu awo daga birni. Za su kafa turaku a kowace gona, su zagaye da igiya, su yanke abin da ke ciki su ɗora a sikeli. Wanda ya zo ƙarshe, a karɓe filinsa a bai wa mai himma. An faɗa a taro, Zarami na zaune.

Amma hali ya fi ƙarfinsa. Shugabar masu awon, Malama Munawwara, ta ce, "Baba, ina za mu kafa?" Ya dubi mutanen da suka taru a kan kunya suna zuba ido. Sai ya wuce tsakiyar gonar, inda zangarniya ta sunkuya don nauyi, ya kai su can gefe, wani tudu da ruwa ba ya kwanciya.

"Nan ne mai dama-damar, 'yata."

Ta rubuta abin da sikeli ya nuna. Ko waiwayar sauran gonar ba ta yi ba, ga rana, ga mota na jira. Abin da ya fi ƙona mini rai, duk waɗanda ke wurin sun san gaskiya, babu wanda ya yi tari. Kowa nasa filin yake karewa.

Zarami ya zo ƙarshe, aka bai wa wani Bilyamin filin, mutumin da ko iri ba ya iya warewa. Da damina ya ɗauki Zarami ƙwadago a gonar, don shi ya san hanyar ruwanta. Shinkafa ta yi kyau, aka yi ta yabon Bilyamin a taro.

Ranar sussuka Bilyamin ya kira Zarami gaban jama'a.

"Baba Zarami, matso da buhunka. Zakka muke fitarwa, kai ma ai ka cancanta."

Akwai yara a gida. Ya matso, ya riƙe bakin buhun.