Hoton Tsintsiya a Falona

Ƙanena ne ya kawo mini hoton daga Japan, shekarar da wurin aikinsu ya tura shi kwas. Abin da ke jikin hoton butar shayi ce ta ƙarfe, da tsintsiya a jingine, da wasu takalma saƙaƙƙu na ciyawa. Shi ke nan. Na ce masa, "Duk faɗin ƙasar ka rasa tsarabar da za ka yo mini sai tsintsiya?" Ya ce da gangan ya zaɓa, babu mai rai a ciki, don haka ba wanda zai ce in sauke shi. Kuma wai ba inji ne ya buga ba. Katako ake sassaƙawa, kowane launi da allonsa, a shafa tawada a danna takarda a kai da hannu. In ka matsa kusa har layin itacen kana gani a jikin butar.

Bayan rasuwarsa na kafa hoton a falonmu na unguwar Misfala, nan Makka. Ina son abin nan, ba na ɓoyewa.

To, mu a Makka in baƙo ya yaba abu a gidanka, sai ka ce masa nasa ne. Fatar baki ce kawai, shi ma baƙon ya san zai ƙi karɓa. Amma gwaggon maigidana, da ta zo Umra daga Kano, ba ta san da zancen ƙin ba. Ta tsaya gaban hoton ta ce, "Kai, wannan tsintsiya kamar ka ɗauka ka yi shara." Maigida ya ce, "Halas, Gwaggo, naki ne." Ta sa masa albarka, ta miƙa hannu ta cire shi daga ƙusa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ajiye farantin dabino na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, wannan kam ba ya barin gidan nan. Ki ɗauki kafet, ki ɗauki labule, in kina so ki haɗa da mai kyautar." Maigida sai zare mini ido yake yi. Ko a jikina.

Gwaggo ta dube ni ta ce, "Wa ya ba ki shi, 'yar nan?" Na ce ƙanena ne, kuma ya rasu.

Ta goge gilashin da gefen mayafinta, ta mayar da hoton kan ƙusarsa, ta yi wa marigayin addu'a. Sannan ta juya wajen maigida ta ce, "Kai kuma, in za ka yi kyauta, ka riƙa yi da naka."